Ciwon baya da ciwon hanji: wani lokacin uwarsu ɗaya

1/ Jama'a, zaren yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Magana ce kan wani ciwon baya da ke kama matasa, wanda jijiyarsa take haɗe da ciwon hanji. A garin nan mun raba su gida biyu: baya na mai maganin sanyi, ciki na mai maganin basir. Wannan rabon yana cinye wa mutane shekaru.

2/ Ku tsaya bakin titin Maiduguri ta wajen Hotoro da yamma, ko ku ratsa Gyadi-Gyadi, ku saurari lasifikar masu tallan magani a bayan mota. Duk abin da ya fito ta bayan gida, basir ne. Duk gaɓar da ta yi tsami, sanyi ne. Kalmomi biyu kacal, amma cututtukan da suka ɓuya ƙarƙashinsu sun fi a ƙirga.

3/ Biyu daga ciki nake son mu duba. Na farko, kumburin hanji mai daɗewa. Iri biyu ne: cutar Crohn, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Niyok a 1932, tana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Sai alsaretib kolaitis, wadda ke tsayawa a babban hanji. Zawo mai jini da majina, murɗa, rama, ya lafa ya dawo.

4/ Na biyu, kumburin ƙashin baya mai sandarewa, wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis. Yana farawa ne a kwankwaso, inda ƙashin baya ya haɗu da ƙugu. In aka bar shi shekaru, jiki yakan riƙa ɗora sabon ƙashi tsakanin gaɓoɓin baya har su manne. A hoto sai ka ga bayan mutum ya koma kamar gora.

5/ Dukkansu ba cututtukan da ake ɗauka daga wani ba ne. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa mai ita. Kuma ba a karatu kawai na san su ba. A gidanmu na san su, tun kafin in san sunansu.

6/ Yayana tela ne, shagonsa na wajen kasuwar Tarauni. Yana da shekara 22 baya ya fara damunsa. Kowa ya ce zaman keke ne. Amma ga abin ɗaure kai: in ya kwanta ya huta, ciwon ƙaruwa yake. In ya buga ƙwallo da yamma, sai ya ji sakayau. Ciwon gajiya ba haka yake yi ba.

7/ Asuba ce ta fi masa wuya. Tun wajen ƙarfe uku ciwon zai tashe shi. In an kira salla sai ya dafa bango ya miƙe, ruku'u kuwa sai dai ya ɗan rusuna. Sai hantsi ya dubi ludayi jikin ke saki. Umma, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Yaron nan sanyi ya yi masa yawa, a daina ba shi ruwan firij."

8/ Aka daina ruwan firij. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka yi ƙaho, aka shafa man zafi har ɗakinsa ya koma warinsa. Abu ɗaya ne ya yi aiki: diklofenak na kemis. Ƙwaya ɗaya da dare, ya samu barci. Lokacin ɗinkin salla kuwa, da ake kwana a shago, sai ya koma biyu, uku a rana.

9/ Abin da babu wanda ya sani a gidan shi ne, duk tsawon lokacin nan yana fama da zawo mai jini, ya zo ya tafi. Shi kaɗai yake sayen maganin basir ɗinsa, da Flagyl, da ja-da-yalo, ya sha a shago. Wane saurayi ne zai zauna gaban mahaifiyarsa ya ce yana ganin jini in ya zaga? Kunya ta rufe rabin labarin.

10/ Shekara shida ana haka, har ya rame, jininsa ya yi ƙasa, muka dangana da babban asibiti. Likitar ta saurari zancen baya tsaf, sannan ta ce, "Malam, cikinka fa? Kana ganin jini a bayan gida?" Yaya ya yi shiru, ya dube ni. Na gane, na tashi na ba su wuri.

11/ A hanyar gida, cikin adaidaita, ya ce da ni, "Kai da kake karatun ƙwayoyin cuta, me ya haɗa bayana da hanjina?" Na ce, "Yaya, ba ni lokaci." Wannan zaren shi ne amsar da na tattaro masa, kuma na san ba shi kaɗai ke buƙatarta ba.

12/ Mu fara da hanjin. A jikin baligi akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa ƙiyasin da masana a Isra'ila suka fitar a 2016, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. Wannan taron shi ake kira maikurobayom. Ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Suna narkar da abin da cikinmu ya kasa, suna kuma horar da garkuwar jiki.

13/ Tsakaninsu da jininka akwai katanga mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, da majina a samanta. Bayan katangar sojojin garkuwar jiki ne jibge. In zaman lafiya ake, kowa na gefensa. In katangar ta tsage, ko 'yan gidan suka rikice, mugaye suka yi rinjaye, sai sojoji su ɗau zafi. Kuma sojan da ya ɗau zafi a hanji, jini na iya kai shi gaɓa.

14/ Mu a nan mun ma san ƙaramin misalinsa. Mutum zai yi atini mai tsanani, ya warke, bayan sati biyu zuwa huɗu gwiwa ko idon sawu ya kumbura. Ƙwayoyi irin su Shigella da Salmonella da Campylobacter na jawo haka. Likitocin Faransa da Jamus sun rubuta shi tun 1916, a jikin sojojin yaƙin duniya na farko. Ciki ya yi rikici, gaɓa ta biya.

15/ A shekarun 1980, likitoci biyu a Ghent ta ƙasar Beljiyam, Herman Mielants da Eric Veys, suka riƙa leƙa hanjin masu ciwon bayan nan da kyamara, har da waɗanda ba sa kukan ciki ko kaɗan. Suka tarar da kumburi ɓoyayye a hanjin kusan rabinsu, wani lokacin ma fiye. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da hakan.

16/ Wato cikin masu wannan ciwon baya, 5 zuwa 10 cikin 100 suna da cikakkiyar cutar kumburin hanji, amma masu ɗauke da wutar da ba ta fito fili ba sun ninka haka nesa ba kusa ba. Ta ɗaya gefen ma haka ne: ciwon gaɓoɓi shi ne abin da ya fi addabar masu kumburin hanji a wajen ciki.

17/ Sai batun gado. A 1973 masana a Landan da Los Anjalis suka gano cewa kusan 9 cikin 10 na Turawa masu ciwon bayan nan suna ɗauke da wata ƙwayar gado, HLA-B27. Sai aka ɗauka an gama magana. Amma mafi yawan masu ɗauke da ita har su mutu ba sa kamuwa. Ke nan akwai wani abin da ke kunna ashanar.

18/ Ɓeraye ne suka nuna hanya. A 1990, a Dalas ta Amurka, ɗakin binciken Joel Taurog ya saka wa ɓeraye HLA-B27 ta ɗan Adam. Suka kamu da zawo da kumburin gaɓoɓi, kamar mutane. A 1994 aka raini irin ɓerayen a keɓe, babu ko bakteriya ɗaya a jikinsu. Hanji lafiya, gaɓoɓi lafiya.

19/ Da aka mayar musu da bakteriyar hanji, ciwo ya dawo. Ku sake karanta wannan. Gado ɗaya, jiki ɗaya, abin da ya bambanta kawai shi ne mazauna hanji. Gado itace ne da aka tara, amma sai an kawo wuta. A ɓerayen nan, daga hanji wutar ta fito.

20/ A jikin mutane ma an ga sawu iri ɗaya. A 2008 masana a Faris suka nuna cewa wata bakteriya mai kwantar da kumburi, Faecalibacterium prausnitzii, tana raguwa a masu cutar Crohn. A 2017, a Faris ɗin dai, aka ga wata mai suna Ruminococcus gnavus ta yawaita a masu ciwon bayan nan. Ita ce kuma aka sani da yawaita a masu Crohn.

21/ Yanzu mu dawo gida Afirka ta Yamma, don a nan labarin ya fi daɗi. A 1997 aka wallafa wani bincike kan Fulanin Gambiya. Kimanin 6 cikin 100 nasu na ɗauke da HLA-B27, kusan daidai da Turawan Ingila. An duba mutum sama da 1,000. Ba a sami mai ciwon ko ɗaya ba.

22/ Itacen yana nan, wutar ce babu. Masu binciken suka ce lallai akwai abin da ke kare su, ko a sauran gadonsu ko a muhallinsu. A lokacin ba a da na'urorin karanta bakteriyar hanji irin na yau. Yanzu da ake da su, idon masana ya koma kan abin da mutanen karkara ke ci da abin da ke zaune a cikinsu.

23/ A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Fulorans. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, wato abincin kakanninmu sak. Hanjinsu ya fi yawan ire-iren bakteriya, musamman Prevotella mai narkar da dusa, kuma ya fi samar da sinadaran da ke ciyar da katangar hanji.

24/ To ku dubi kwanon ɗalibi ko tela a Kano yau. Safe shayi da farin burodi, rana taliyar leda, dare farar shinkafa da lemon kwalba. Tuwon dawa da miyar kuka, fura, dambu, ɗanwake, kwaɗon zogale da rama, sun koma abin marmari. A ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka, kumburin hanji ya ƙaru ne daidai lokacin da birane suka cika, abinci ya sauya.

25/ Ga kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke sha kamar gyaɗa. Ciki ya ɗan juya, Flagyl. Zazzaɓi ya kwana biyu, an ce taifod, a kawo sifro. Maganin nan ba ya tambayar wane ne ɗan gida, wane ne ɓarawo. Manyan bincike a Siwidin da Denmak sun nuna masu yawan shansa sun fi haɗarin kamuwa da kumburin hanji daga baya.

26/ Ban ce taliya ko Flagyl ne suka kwantar da yayana ba. Masana har yau suna kan tantance wanne ke riga wani, rikicewar bakteriya ko kumburin. Abin da ya tabbata shi ne gado da garkuwar jiki da mazauna hanji igiya ɗaya ce mai tufka uku, kuma tana ɗaure hanji da baya tare.

27/ Ga inda abin ya zama na rai da lafiya. Diklofenak, ibufurofen, Feldene da danginsu su ne maganin farko na wannan ciwon baya, kuma suna aiki sosai. Amma ga mai kumburin hanji, suna iya tayar da ciwon, su ƙara zubar jini. Abin da ke ba Yaya barci da dare shi ke ƙara masa jini da safe. Mai kemis bai san zancen ciki ba, mai maganin basir bai san zancen baya ba.

28/ Har a manyan magunguna haka abin yake. Allurar infliximab da adalimumab suna yi wa hanji da baya aiki lokaci guda. Etanercept na yi wa baya, ba ya yi wa Crohn. Secukinumab na taimakon baya, amma a gwajin 2012 ya ƙara dagula wa masu Crohn ciki. Likitan da ya ji rabin labari zai iya zaɓo maganin da zai gyara ɗaki ya rushe zaure.

29/ Wani abin sha'awa: sulfasalazine, maganin da Yaya ke sha yanzu, wata likita ce a Sitokhom, Nanna Svartz, ta samar da shi wajen farkon shekarun 1940 don ciwon gaɓoɓi. Ta haɗa maganin kashe bakteriya da dangin asfirin. Sai ga shi ya zama maganin kumburin babban hanji. Tun a lokacin gaɓa da hanji suke haɗuwa a kwalba ɗaya.

30/ Kafin a ba shi, sai da aka bi matakai. A ƙasarmu zawo mai jini ya fi zama atinin amiba. Tarin fuka na kama hanji ya yi kama da Crohn, yana kuma cin ƙashin baya. Ga sikila. Duk sai da aka kawar da su, don maganin da ke danne garkuwar jiki yana iya tayar da tarin fukan da ke kwance. Sannan aka yi kyamarar hanji da hoton MRI na kwankwaso.

31/ Sakamako: alsaretib kolaitis, da kumburi a mahaɗar ƙugu ta ɓangare biyu. Gwajin HLA-B27 kuwa bai nuna komai ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, ƙwayar ba ta da yawa a yawancin al'ummun yankinmu, kuma da yawan masu haɗa ciwon biyu ba su da ita. Kada wani ya ce maka tunda gwajin bai nuna ba, ai lafiyarka ƙalau.

32/ Yau jinin ya tsaya, ya mayar da jikinsa, alhamdu lillahi. Bayan kuwa da sauƙi amma bai koma kamar da ba, don ciwon ƙashin baya ba lallai ya bi na hanji ya lafa ba. Kullum yana motsa jiki yadda masu gashin ƙashi suka koya masa, yana tashi daga keke duk rabin awa. Alluran nan masu tsada sun fi ƙarfin aljihun tela. Abin da shekara shida suka ci, sun ci.

33/ Gargaɗi, don na san 'yan kasuwa na karanta zaren nan: babu wani kafso na "bakteriya masu amfani" ko shayin wanke hanji da aka tabbatar yana warkar da wannan ciwon baya. An gwada irin kafson a Niyu Zilan a 2010, bai fi na bogi ba. Dashen bakteriyar hanji ya ɗan taimaki wasu masu kolaitis a gwaji, amma a Denmak a 2021 bai taimaki masu wani ciwon gaɓoɓi na wannan dangi ba.

34/ Gero da dawa da nono abinci ne masu kyau, mu koma musu. Amma ba su maye gurbin likita, kuma wanda hanjinsa ke tsakiyar tashi, abinci mai dusa da yawa na iya wahalar da shi, sai ya tambaya. Abin da babu jayayya a kai shi ne taba: tana tsananta Crohn, tana kuma hanzarta mannewar ƙashin baya.

35/ Alamomin da za ku riƙe: ciwon baya ko kwankwaso da ya wuce wata 3, ya fara kafin shekara 45. Yana tashinka a ƙarshen dare. Jiki na sandarewa fiye da minti 30 da safe. Motsi na sauƙaƙa shi, hutu na ƙara shi. In an haɗa da ciwon dunduniya, ko ido ya yi ja yana zafi ba ya son haske, kada a tsaya shafa man zafi.

36/ In kuma akwai zawon da ya wuce sati 4, ko jini da majina a bayan gida, ko rama babu dalili, to ka faɗa wa likita duka biyun a zama ɗaya, ko bai tambaya ba. Mata ma na kamuwa, kuma nasu ya fi daɗewa ba a gano ba, don akan ce haihuwa ce ko aikin gida. Ƙanwata, yayata, ke ma ki faɗa.

37/ Mu na Hotoro da Tarauni ba mu da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan Gyadi-Gyadi kan titin Zariya tun 1988 aka kafa shi, akwai likitocin ciki da na gaɓoɓi. Asibitin Ƙashi na Dala ma yana nan. Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, ka nemi takardar turawa. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha, har na gargajiya.

38/ 'Yan uwana ɗaliban lafiya da masu kemis, tambaya ɗaya ce, ba ta cin ko sisi: matashi ya zo neman maganin baya karo na uku, ka ce masa "cikinka fa?" Ka tambaye shi a keɓe, ba gaban layi ba. Iyaye kuma, a sassauta wa yara su iya faɗin abin da ke damunsu. Kunya ado ce, amma ba a gaban likita ba.

39/ Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ba zai ɓoye shi ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana dafa bango kafin ya miƙe da asuba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ne.